Lambar da ke cikin kwamfuta ba ta san zafin Illela ba

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela ya san ba a jin lamba a kama ta haka nan. Idan ɗan kasuwa daga Birnin Konni ya ce kayansa "ashirin" ne, mai saye zai fara da tambaya: ashirin na me? Naira ce ko sefa? Idan sefa ce, ko dala ashirin yake nufi, wato sefa 100, tunda a can dala ɗaya sefa 5 ce? Haka mai sayen gero ba ya miƙa kuɗi sai ya ga tiyar da za a auna masa da ita, domin tiyar wannan kasuwa ba lallai ta zo daidai da ta waccan ba.

Wannan wayon da ɗan bakin iyaka ya tashi da shi, shi ne ake yawan ajiyewa a gefe idan aka zauna gaban manhajar kwaikwayon tashin jirgin sama. Da zarar kwamfuta ta fitar da lamba, sai a karɓe ta hannu bibbiyu, ba a tambayi da wace tiya aka auna ba.

Wani zai ce ina ruwan Illela da lissafin fiffiken jirgi, garin da ke fama da tsadar abinci da matsalar tsaro da rufe iyaka da buɗewa? Amsar ita ce jirgi ya riga ya sauko daga hannun manyan kamfanoni ya shigo hannun talaka. Manhajoji irin su FlightGear da XFOIL da XFLR5 kyauta ake sauke su a intanet. Ƙananan jirage marasa matuƙa sun shiga aikin ɗaukar hoton biki da auna gonaki da sa ido a kan hanyoyi. Kamfanin Zipline ya fara kai magunguna da su a Jihar Kaduna tun 2022. Rundunar sojin saman Najeriya ta nuna jirginta marar matuƙi mai suna Gulma a 2013, sannan ta ƙaddamar da Tsaigumi a Kaduna a 2018. Tun kafin nan, a 2007, labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da kayan mota a Kano, ya zagaye duniya.

Saboda haka matashin da ke zaune a Illela da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka yana zana fiffike ba baƙon abu ba ne. Abin da ke cikin haɗari shi ne kuɗin da ya tara, da amincin mutanen da jirgin zai ratsa ta samansu, da kuma kuɗin gwamnati idan ta tashi sayen irin waɗannan jirage don aikin iyaka.

Mece ce lambar?

Ƙarfin da ke ɗaga jirgi sama yana fitowa ne daga abubuwa huɗu da ake ninka su da juna: kaurin iska, da gudun jirgi, da faɗin fiffike, da wata lamba da injiniyoyi ke rubutawa CL. Gudun sau biyu yake shiga lissafin, shi ya sa idan aka ninka gudu, ƙarfin ɗagawa yakan ninka sau huɗu.

Uku na farko ana iya auna su kai tsaye. Ta huɗun, wato lambar ɗagawa, ita ce buhun da aka zuba duk sauran abin da ya rage: siffar fiffike, da kusurwar da yake tarar iska, da santsin fatarsa, da tsawonsa. Tana da 'yan uwa biyu. Akwai CD, lambar turjiya, mai nuna yadda iska ke riƙe jirgi ta hana shi gudu. Akwai Cm, lambar karkata, mai nuna ko hancin jirgi zai so ɗagawa ko sunkuyawa.

Waɗannan lambobi ba su da mita ko kilo a bayansu. Tsirara suke zuwa, kamar "ashirin" ɗin ɗan kasuwar Konni. A nan tarkon yake. Mutum yakan ɗauka cewa lambar ɗagawa halitta ce ta fiffike, kamar nauyinsa ko launinsa. Alhali amsa ce da fiffiken ya bayar a wata rana, a wani gudu, a wata kusurwa, da wani ma'auni. Idan sharuɗɗan suka canja, amsar ma ta canja.

Manhajar kwaikwayo kuwa abin da aka ba ta take juyawa. Wasu, kamar injin lissafin JSBSim da FlightGear ke amfani da shi, jadawalin lambobi ake shigar musu, su riƙa dubawa. X-Plane kuma yakan yayyanka fiffike gunduwa-gunduwa ya lissafa ƙarfin kowane yanki, amma shi ma da bayanan siffar fiffike da aka ba shi yake aiki. Ko wacce ce, idan aka zuba mata gurɓataccen hatsi, gurɓataccen gari za ta niƙo, kuma za ta nuna shi da zane mai kyau da launi mai ɗaukar ido.

Darasin masu gyaran keke

Wannan matsala ta girmi kwamfuta. 'Yan uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, masu shagon keke a garin Dayton na Amurka, sun gina jirgi marar inji a 1901 bisa lissafin da masana zamanin suka yarda da shi. Da suka je gwaji, ƙarfin ɗagawar da suka samu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da takarda ta yi alkawari ba.

Daga cikin abin da ya jawo haka akwai wata lamba da ake jingina wa injiniyan Ingila John Smeaton tun ƙarni na 18. Ana ta kwafar ta daga littafi zuwa littafi a matsayin 0.005. 'Yan uwan suka gano ta fi kusa da 0.0033. Akwai kuma jadawalin Bajamushe Otto Lilienthal, wanda ya auna shi a kan fiffike mai wata siffa, su kuma suka ɗora shi a kan fiffike mai siffa daban.

Abin da suka yi shi ne abin koyi. Sun haɗa akwatin katako da bai kai mita 2 ba, suka sa masa fanka, suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200 da hannunsu. Da lambobin da suka auna da kansu suka gina jirgin 1902 wanda ya yi abin da ake so, sannan ranar 17 ga Disamba 1903 suka tashi da inji na tsawon daƙiƙa 12. Ba su da digiri a injiniyanci. Abin da suke da shi shi ne halin ɗan kasuwa: ba su biya ba sai da suka ga tiya.

Ramuka biyar da ake faɗawa

Rami na farko shi ne faɗin da aka auna da shi. Lambar turjiyar mota ta zamani takan kai kusan 0.3, ta ƙaramin jirgi kuma takan tsaya wajen 0.03. Wanda bai sani ba zai ce jirgi ya fi mota sulɓi sau goma. Amma ta mota da faɗin gabanta ake lissafa ta, ta jirgi kuma da shimfiɗar fiffikensa. Tiya biyu ce daban. Ko a cikin jirgi ɗaya, idan wanda ya fitar da lambar ya haɗa da ɓangaren fiffiken da ya shige cikin gangar jirgi, wanda ya shigar da ita manhaja kuma bai haɗa ba, lissafi ya goce tun daga tushe.

Rami na biyu shi ne bambancin yankin fiffike da cikakken fiffike. XFOIL, wadda Farfesa Mark Drela na jami'ar MIT ya rubuta a shekarun 1980, tana lissafi ne kamar fiffiken ba shi da ƙarshe. Fiffiken gaske yana da baki biyu, kuma a can iska ke zagayowa daga ƙasa zuwa sama tana murɗawa. Wannan yana rage ɗagawa, yana ƙara turjiya. A lissafi, fiffike marar ƙarshe yana ƙara kusan 0.11 a lambar ɗagawa a kan kowane digiri ɗaya. Fiffiken da tsawonsa ya ninka faɗinsa sau shida kuwa bai wuce kusan 0.08 ba. Kusan rubu'i ya tafi ke nan. Littattafai kan rubuta ta farkon da ƙananan haruffa, ta biyun da manya, kuma mai sauri ba ya lura.

Rami na uku shi ne digiri da radiyan. Hanyoyi biyu ne na auna kusurwa, kuma radiyan ɗaya digiri 57.3 ne. Wancan 0.11 na kowane digiri shi ne 6.28 na kowane radiyan. Wanda ya zuba ɗaya a gurbin ɗayan ya yi kuskure ninki 57, kamar wanda aka ce masa dala ya biya sefa, sai dai wannan ya fi muni nesa ba kusa ba.

Rami na huɗu shi ne girma da gudu. Tun 1883 masani Osborne Reynolds ya nuna cewa yadda ruwa ko iska ke gudana ya danganta da girman abu da gudunsa da danƙon abin da ke gudana. Ana taƙaita wannan da lambar da ake kira da sunansa. Ƙaramin jirgi mai fiffike santimita 20 a faɗi, yana gudun mita 15 a daƙiƙa, lambar Reynolds ɗinsa kusan 200,000 ce. Ta jirgin koyon tuƙi miliyoyi ce, ta babban jirgin fasinja kuma miliyoyi gommai. Siffar fiffiken nan mai suna NACA 2412 da ke jikin Cessna 172 ta yi suna, kuma jadawalinta na nan birjik a intanet. Amma yawancin jadawalin a miliyoyi aka auna shi. A kan ɗan ƙaramin jirgi, iska takan rabu da bayan fiffike da wuri, ɗagawa ta ragu, turjiya ta ƙaru. Takalmin babba ne aka sa wa yaro.

Rami na biyar shi ne inda aka tsaya aka auna karkata. Duk mai amalanke a Illela ya san idan buhunan albasa suka koma bayan tayoyi, amalanken zai ɗaga gaba har ya nemi ɗaga jakin. Buhunan ba su ƙara nauyi ba, wurin zamansu ne ya canja. Lambar karkata ma haka take. Galibi ana bayar da ita ne daga wani wuri da ke rubu'in faɗin fiffike daga gaba. Idan tsakiyar nauyin jirgin na wani wuri daban, dole a mayar da lissafin can. Batirin da aka matsar baya da 'yan santimita kaɗan yana iya mayar da jirgi mai ladabi a kwamfuta ya zama marar jin magana a sama.

Iskar Illela ba ta littafi ba ce

Ko da duk lambobin sun yi daidai, akwai sauran magana. Yawancin manhajoji, idan ba a taɓa saitinsu ba, suna aiki ne da abin da ake kira daidaitacciyar iska ta duniya: zafi digiri 15, a bakin teku, inda mita ɗaya murabba'in kwali na iska ke da nauyin kilo 1.225.

Illela tana arewa da Sakkwato da sama da kilomita 80, a yankin da tudunsa ya kai kusan mita 300 daga teku, kuma daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Idan aka ɗauki ranar da ya kai 43, kaurin iska zai sauko zuwa kusan kilo 1.08. An rasa kusan kashi 12 cikin 100. A wajen fiffike da farfela, kamar an ɗauke filin an kai shi kan tsauni mai tsawon sama da mita 1,300.

A nan ake wani kuskure mai wuyar ganewa. Mutum ya ga jirginsa ya yi nauyin tashi da rana tsaka, sai ya koma manhaja ya rage lambar ɗagawa har sakamako ya yi kama da abin da ya gani. Ya yi maganin ciwon da ba shi ba ne. Zafi kaurin iska yake ragewa, kuma can ya kamata a gyara. Wanda ya ɓata lambar don ta dace da azahar ɗin Afrilu zai sake samun kuskure da asubar Janairu, lokacin da sanyin hunturu ya sa iska ta yi kauri.

Abin da ke taɓa lambar ita kanta shi ne fatar fiffike. Hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ƙanƙara mai kaushin takardar goge katako a gaban fiffike tana iya rage ɗagawa da kashi 30 cikin 100, ta ƙara turjiya da kashi 40. Illela ba ta da ƙanƙara, amma tana da ƙurar hunturu, da ƙwarin damina, da salatif da gam da ake like fiffiken gida da su. Fiffiken da ke cikin kwamfuta sumul yake kamar madubi, kuma babu irinsa a ƙasa.

Ga misali da lissafi. A ce jirgi mai nauyin kilo 3, shimfiɗar fiffikensa 0.4 na mita murabba'i. Mai shi ya kwafo 1.5 a matsayin ƙololuwar lambar ɗagawa, ya bar saitin iska yadda ya same shi. Manhaja za ta ce masa jirgin zai iya riƙe kansa har gudu ya sauko kusan kilomita 32 a awa. A ce kuma a zahiri, saboda ƙanƙantar jirgin da gajartar fiffike da kaushinsa, ƙololuwar ba ta wuce 1.0 ba, ga zafi digiri 43. Amsar ta koma kusan kilomita 42 a awa. Wanda ya zo sauka da gudun 36 yana ganin yana da rara, alhali fiffikensa ya riga ya sare. Idan ya yi sa'a, kuɗinsa kaɗai zai tafi. Idan ba sa'a, a kan rumfar wani ko kan yaron wani zai faɗo.

Inda jadawali ya ƙare

Ramin da ya fi kowanne zurfi shi ne gefen jadawali. Lambar ɗagawa tana ƙaruwa yayin da ake ƙara kusurwar fiffike, har zuwa wajen digiri 15 ko 16 a yawancin fukafukai. Daga nan iska ta daina bin bayan fiffike, ɗagawa ta faɗi. Wannan shi ne sarewar fiffike. Lissafi a wannan yanki yana da wuya, aunawa kuma tana da haɗari, don haka bayanai sukan yi ƙaranci. Manhaja kuwa ba ta cewa "ban sani ba". Takan ja layi ta ci gaba, ko ta riƙe lambar ƙarshe da ta gani, jirgin da ke allo ya ci gaba da tafiya lafiya lau.

Kada a ɗauka wannan ciwon masu koyo ne kaɗai. Ranar 2 ga Afrilu 2011, sabon jirgi ƙirar Gulfstream G650 ya faɗi yayin gwajin tashi a Roswell da ke Amurka, ma'aikatan gwaji huɗu suka mutu. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta gano cewa an ɗauka ƙololuwar lambar ɗagawa dab da ƙasa daidai take da ta can sama. Ba haka take ba. Kusa da ƙasa fiffiken ya sare a kusurwar da ba ta kai wadda aka yi hasashe ba. Ƙwararrun injiniyoyi ne masu manyan kwamfutoci, amma lamba ɗaya da aka ɗauko daga wani yanayi aka kai wani ta ci rayuka.

Ranar 1 ga Yuni 2009, jirgin Air France mai lamba 447 ya faɗa Tekun Atlantika da mutum 228, kusurwar fiffikensa ta haura digiri 35, nesa da yankin da na'urorin horar da matuƙa na lokacin ke da tabbatattun bayanai a kai. Bayan wannan haɗari da makamantansa ne Amurka ta wajabta horar da matuƙan jiragen fasinja kan cikakkiyar sarewar fiffike, aka kuma buƙaci a inganta bayanan na'urorin kwaikwayo a wannan yanki.

Mutanen Sakkwato ba sa buƙatar a je da su nesa. Ranar 29 ga Oktoba 2006, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 da ya taso daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashi. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah Ya jiƙansu. Rahoton bincike ya nuna jirgin ya shiga iska mai sauya gudu da alkibla kwatsam, fiffike ya sare, kuma cikin abubuwan da suka taimaka wajen haɗarin an ambaci horon da aka yi kan irin wannan iska da na'urar kwaikwayon da ba ta dace ba. Wannan ba maganar lamba ɗaya ba ce, amma jijiyar ɗaya ce: abin da na'ura ta koya wa mutum iyakarsa abin da aka zuba mata.

Ba a ce a jefar da manhaja ba

Akwai masu cewa tunda haka ne, gara a bar kwamfuta a koma gwaji da hannu, a yi ta faɗuwa har a dace. Wannan ma ɓata ne. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da na'urorin kwaikwayo kamar sauran takwarorinta na duniya, domin a cikinsu ne ake iya kashe inji ko tayar da guguwa ba tare da an rasa rai ba. Ga matashin da ba shi da kuɗin fasa jirgi goma, manhaja rahama ce. Tana nuna masa wanne fiffike ya fi wanne, da abin da zai faru idan ya ƙara tsawo ko ya rage nauyi.

Bambancin na'urar horar da matuƙa da wadda ke kan kwamfutar gida shi ne ta farkon sai an gwada ta da bayanan tashin jirgin gaske kafin hukuma ta amince da ita, kuma ana maimaita gwajin lokaci-lokaci. Jirgin da wani ya ɗora a intanet kyauta babu wanda ya rantse a kan lambobinsa. Ya yi kyau a ido, amma kyan ɗan maciji ne idan za a gina abin da zai tashi a kan mutane da shi.

Abin da ya kamata a yi

Ga mai zane da mai koyo, tambayoyi biyar sun isa su zama al'ada kafin a shigar da kowace lamba. Da wane faɗi aka lissafa ta? Ta yankin fiffike ce ko ta jirgin gaba ɗaya? Digiri ne ko radiyan? A wace lambar Reynolds aka auna ta? Daga wace kusurwa zuwa wace kusurwa bayanan suka tsaya? Lambar da ba ta da amsar waɗannan jita-jita ce, ko da a cikin littafi aka gan ta.

Sai a gyara saitin iska. Zafin rana da matsin iska ana samunsu a waya da kuma sanarwar hukumar hasashen yanayi ta NiMet. A yi lissafi da ranar da ta fi zafi, ba da rana mai daɗi ba.

Sai gwaji mai araha. A ɗora jirgin a kan sikeli a san nauyinsa na gaske. A ɗora shi a kan yatsu biyu a nemo tsakiyar nauyinsa. Da sassafe, lokacin da iska ta kwanta, a sake shi ba inji daga wani tudu a fili marar mutane. Idan ya sauko mita 5 ya yi tafiyar mita 40, rabon ɗagawarsa da turjiyarsa 8 ne. Idan manhaja ta ce 20, to manhaja ce za a tuhuma. Kuma kafin a tayar da komai, a tuna cewa hukumar NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro suna da ƙa'idojin izini kan jirage marasa matuƙa, kuma bakin iyaka ba wurin gwajin ganganci ba ne.

Ga makarantu irin su Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, akwatin gwajin iska irin na 'yan uwan Wright bai fi ƙarfin kafinta da mai walda na Sakkwato ba. Ɗalibin da ya auna fiffike da hannunsa, ya ga lambarsa ta saɓa da ta intanet, ya koyi darasin da allo ba zai koya masa ba. Ya dace malamai su riƙa rage maki ga duk aikin da ya kawo lamba ba tare da sharuɗɗanta ba, kamar yadda ake rage wa wanda ya rubuta amsa babu mita ko kilo. Cibiyoyi kamar kwalejin Zariya da Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama da ke Kaduna kuma za su yi babban aiki idan suka riƙa fitar da bayani mai sauƙi, har da Hausa, kan yadda zafi da ƙurar Arewa ke shafar ƙananan jirage.

Ga hukumomin da za su sayi jirage marasa matuƙa don sintiri ko aikin gona ko kai magani, tambaya ɗaya za ta kare kuɗin jama'a: awannin tashi da nauyin kayan da ke rubuce a takardar talla, a wane zafi aka auna su? Idan a digiri 15 ne, a buƙaci a kawo jirgin a gwada shi a Illela da azahar ɗin watan Afrilu, da cikakken kaya, kafin a sa hannu.

Mai canji a bakin iyaka ba ya fushi idan aka ce ya sake ƙirga kuɗi a gaban mai shi, haka mai awo na gaskiya ba ya ɓoye tiyarsa. Matashin da ya girma yana ganin wannan ya riga ya mallaki rabin ilimin da ake buƙata. Sauran rabin shi ne ya yi wa kwamfutarsa irin tambayar da mahaifinsa ke yi a kasuwa, kafin ya ɗora kuɗinsa da lafiyar maƙwabtansa a kan fiffike.